Masassaƙi da Takardun Jan Biro

Akwai wani mutum, masassaƙi ne. Turmi, taɓarya, ƙotar fartanya, 'yar kujerar da mata ke zama a gindin murhu, duk yana sassaƙawa, kuma da hannuwan nan biyu yake ciyar da gidansa. Sunan matarsa Afiniki. Wajen aiki ba wanda zai kushe shi. Amma yana da hali guda: bai yarda da kowa ba. Ka gaishe shi da fara'a, sai ya wuni yana tunanin abin da kake nema a wurinsa.

Ana nan sai ciwon gaɓɓai ya kama shi. Ba irin gajiyar da ake shafa wa man zafi ta wuce ba. Irin wanda yatsu ke kumbura ne, gari ya waye mutum ya kasa dunƙule hannu sai rana ta ɗaga. Har ta kai gizago yana suɓuce masa ana cikin aiki. Wata rana saura kaɗan ya sare ƙafarsa.

Afiniki ta yi ta matsa masa, da ƙyar ya je asibiti. Likita ya duba shi, ya rubuta masa ƙwayar da zai riƙa sha sau ɗaya a mako, sa'an nan ya ce masa:

"Maganin nan yana da ƙarfi. Zai taimaki hannunka, amma yakan taɓa hantar wani ba tare da ya ji komai ba. Saboda haka duk bayan wata biyu ka je ɗakin gwaji a ɗebi jininka. Takardar da za su ba ka, ka kawo mana. Kada ka yar da ko ɗaya. Mu likitocin nan ana yawan canja mu, takardun ne za su gaya wa wanda ka tarar inda aka kwana."

Mutumin ya ce to. A hanya kuwa ya ce wa matarsa, "Duk wata biyu jini? Me suke yi da shi?"

Ta ce, "Dubawa suke yi, Maigida."

Ya ce, "Haka dai suka ce."

Magani ya karɓe shi. Kumburi ya sace, yatsu suka saki, aka sake jin ƙarar gizago a ƙofar gidansa tun da sassafe. Ya yi murna ƙwarai, har ya tashi a sujada a coci ya ba da shaida. Ya je gwaji na farko, da na biyu, da na uku. Kowace takarda ta fito tas, lambobi ne kawai a jere da baƙin rubutu. Yakan kai wa likita, a duba, a mayar masa, ya ninke ya sa a cikin wata jakar leda.

A karo na huɗu, da mai gwaji ya miƙo masa takarda, sai ya ga an zagaye lamba ɗaya da jan biro.

Shi abin da ya sani game da jan biro tun yana firamare shi ne: ka faɗi, miƙo hannu a yi maka bulala. Ya zauna a kan bencin waje yana ta kallon jan nan. Kusa da shi akwai wani mutum mai jiran tasa takardar. Bai san shi ba, bai taɓa ganinsa ba. Mutumin ya leƙo, ya girgiza kai, ya ce:

"Ai shi ke nan. Da zarar sun ga ja, ƙwace maganin suke yi. Haka aka yi wa wani a unguwarmu."

Ku dubi abin mamaki, jama'a. Mutumin da bai yarda da likita ba, bai yarda da matar da yake kwana ɗaki ɗaya da ita ba, shi ne ya yarda da baƙon benci nan take. Haka mai zargi yake. Maganar da ta yi daidai da tsoronsa, ita kaɗai yake ji.

Ya kama hanyar gida yana saƙe-saƙe. Me ya sa mai gwajin bai dube shi a ido ba yau? Me ya sa ya daɗe a ciki? Ko dai maganin ne ya yi ƙaranci, suna neman dalilin da za su hana shi su ba nasu? Kafin ya kai ƙofar gida ya riga ya gama shari'a a zuciyarsa, ya kama mai gwaji da laifi, ya haɗa da likita. Akwai wani tsohon turmi da ya tsage, an kife shi a bayan rumfar da yake aiki. Ya ɗaga shi, ya tura takardar a ƙarƙashi.

Da ya je asibiti ya ce, "Sun ce injinsu ya lalace." Likita ya ba shi magani, ya ce lallai ya kawo ta gaba.

Ta biyar ta fito ba ja ko ɗigo. Sai ya ce a ransa, "Ka gani? Da na kai waccan da yanzu sun cuce ni." Ya ji kansa mai wayo. Ta shida ta fito da ja, ya kai ta ƙarƙashin turmi. Ta bakwai ta fito da ja har wuri biyu, ita ma ta bi 'yan'uwanta.

Wata safiya Afiniki tana neman inda kazarta ke yin ƙwai, ta ɗaga turmin nan, ta ga takardu uku. Ba ta san ma'anar lambobin ba, amma ta ga sunan mijinta, ta ga kwanan wata, ta ga ja. Ta same shi a rumfa ta ce:

"Maigida, waɗannan ba su ne likita ya ce kada a yar ba?"

Ya ajiye gizago, ya dube ta sama da ƙasa. Ya ce, "Wa ya sa ki bincike na? Su ne suka aiko ki?"

"Su wa?"

"Kin fi ni sani. Ran nan na ga kina gaisawa da matar mai gwajin a kasuwa. So kuke a karɓe maganin, in koma zaune, kina ba ni abinci a baki?"

Maganar ta yi mata zafi sosai. Shekara ashirin da aure, yau ita ce 'yar leƙen asiri. Ta mayar da takardun inda ta same su, ta kife turmin, ba ta ƙara cewa uffan ba.

Damina ta matso, manoma suka yi ta zuwa neman ƙota. Aiki ya yi masa yawa, yatsu suka soma yi masa tauri da safe. Ya tafi asibiti, ya tarar da wata sabuwar likita, mutane kuma cike a bakin ƙofarta. Ya zaro takardunsa huɗu masu tsabta ya shimfiɗa mata a tebur. Ta duba, ta ce:

"Baba, na watannin nan na baya fa?"

Ya ce, "Ruwa ya jiƙa su. Amma mai gwaji ya ce lafiya lau. Ki dai ƙara mini ƙarfin maganin, aiki ya taso."

Ta ƙara masa kaɗan, ta ce bayan mako biyu ya je a ɗebi jini, ya kawo mata da hannunsa. Ya ce to. Bai je ba. A ganinsa, in bai ba da jini ba, ba su da abin da za su zagaye.

Bayan 'yan makonni abinci ya fita ransa. Ko warin miya ya ji sai zuciyarsa ta tashi. Ya sassaƙa ƙota ɗaya, sai ya kwanta a kan tabarma yana haki. Ya ce zazzaɓin damina ne. Ran nan da safe Afiniki ta kawo masa kunu, ta dubi fuskarsa a hasken rana, ta ga farin idonsa ya koma rawaya. Ba ta tsaya jin ta bakinsa ba, ta kira maƙwabta aka ɗauke shi zuwa asibiti, aka ba shi gado.

Daga nan ta koma gida, ta ture turmin nan, ta kwashi takardun uku, ta haɗa da huɗun da ke cikin leda, ta kai wa likitar. Likitar ta zo bakin gadonsa, ta jera su bakwai a kan bargo bi da bi, daga ta fari har ta ƙarshe. Ta sa yatsa tana bin lamba ɗaya daga takarda zuwa takarda. Ko wanda bai yi boko ba zai ga yadda abin yake hawa.

Ba ta yi masa faɗa ba. Ta nuna ta huɗun, ta ce, "Da wannan ka kawo mana, rage maka za mu yi, mu sake gwadawa. Ba wanda zai hana ka magani don an zagaye lamba ɗaya. Mai gwajin ya sa jan ne don kada idonmu ya tsallake wurin. Ni kuma da na ga waɗannan biyun, da ban ƙara maka ba."

Ya ce da ƙaramar murya, "Yanzu fa?"

Ta ce, "Yanzu dole mu tsayar da shi gaba ɗaya, sai hantarka ta huta."

"Har yaushe?"

"Ban sani ba tukuna."

Ya ɗaga hannuwansa ya dube su.

To, ga ma'anar wannan misali, ku buɗe kunne.

Masassaƙin nan ni ne, kai ne, ke ce. Takardun su ne abin da ke fitowa in an gwada zuciyar mutum. Jan biron kuwa shi ne faɗakarwar da Ubangiji yake aiko mana: wani lokaci ta cikin Maganarsa, wani lokaci ta bakin dattijon ikilisiya, wani lokaci ta bakin matarka, wani lokaci ma zuciyarka ce ke damunka ba wanda ya ce maka komai. Ba don a kore ka ake sa jan ba. Don a gyara wurin ne tun yana ƙarami.

Amma me muke yi? Ɗan'uwa ya ja ka gefe bayan sujada ya ce, "Na ga fushinka yana ƙaruwa kwanan nan," ko ya ce, "Na ga inda kake zama da yamma, ban ji daɗi ba." Maimakon ka tambayi kanka ko gaskiya ne, sai ka shiga tambayar wa ya aiko shi. Ai kujerata yake so a kwamiti. Ai tun da can ba ya ƙaunata. Ai matata ce ta kai ƙarata. Ni wannan hali yana ba ni haushi, kuma ina faɗa ne domin na sha kama kaina a cikinsa. Mai gaya maka gaskiya ya zama abin tuhuma, mai zuga ka a kan benci ya zama amini.

Sa'an nan mu zo addu'a da takardunmu masu tsabta kaɗai. Ya Ubangiji, ban fasa sujada ba. Ya Ubangiji, ina cikin ƙungiyar mawaƙa. Sauran ukun suna ƙarƙashin turmi. A nan kam misalin bai kai ba, gama likita mutum ce, ana iya ruɗinta, Allah kuwa ba a ruɗinsa. Ya ga takardun tun ranar da ka kife su. Kanka kaɗai kake cuta, da waɗanda suke ƙoƙarin taimakonka.

Ku lura kuma, takarda ɗaya ba ta faɗi labarin ba, sai da aka jera bakwai. Kada ka ce, "Ai yau ban yi faɗa da kowa ba." Dubi bara, dubi watan jiya, dubi yau, ka ga ko hawa abin yake yi ko sauka.

Afiniki ma ina da magana da ita. An zarge ta, ta ji zafi, ta yi shiru. Na fahimce ta, amma shirun nan bai taimaki kowa ba. In ka ga abin da zai hallaka ɗan'uwanka, gara ya yi fushi da kai mako guda.

Ku kuma da kuke shan magani na gaske, wannan ba misali ba ne: ku je gwajinku, ku adana takardunku duka, masu ja da marasa ja, ku kai wa likita.

Na san za ku tambaye ni ko mutumin ya warke. Hantarsa ta warke, godiya ga Allah. Amma sai da aka yi wata biyar kafin a iya sa shi a kan wani magani, a cikin watannin nan kuwa ciwon ya ci gaɓɓansa son ransa. Yatsu uku na hannun dama suka karkace, ba su ƙara miƙewa ba. Ya nemi gafarar matarsa, ta gafarta masa. Ya nemi ta Ubangiji, ya kuwa samu, gama Ubangiji ba ya mayar da mai tuba. Sai dai gafara ba ta miƙe yatsun ba.

Ranar da aka yi Jibin Ubangiji, bayan ya koma sujada, aka miƙo masa ƙoƙon ruwan inabi. Ya kai hannu, hannun ya kasa riƙewa. Afiniki ce ta karɓa, ta kai masa baki, ya sha.