Ku Zo da Azahar

Akwai wani mutum a gefen garin Zakirai mai suna Sama'ilu. Manomi ne, da rani kuma yana gyaran injin ban ruwa. Gidansa na ƙasa ne, ɗaki uku da zaure. In ka hango shi daga titi ba za ka sake kallonsa ba.

Amma shekara bakwai ya yi yana yi wa gidan nan hidima kaɗan-kaɗan. Ya ƙara wa bangon yamma kauri, don nan rana take duka. Da ya samu halin sayen kwano bai rushe rufin azara ba, sai ya ɗora kwanon a samansa ya bar tazara iska tana ratsawa. Ya fasa tagogi suna kallon juna, ya dasa darbejiya huɗu a bayan ɗakuna. Daga baya ya sayar da raguna ya kafa sola, ta fitila da fanka da jawo ruwa daga rijiya. Matarsa Larai ita ma ta gina rufaffen murhun laka, wanda itace biyu suke dafa tuwon gidan.

Maƙwabta suna tsokanarsa: "Sama'ilu, wai gida kake ginawa ko randa?" Shi dai sai ya yi dariya.

Sai shekarun nan masu tsanani suka shigo. Kun san su, ba sai na tuna muku ba. Fetur ya yi tashin gwauron zabo, janareto suka yi shiru, itacen girki ya zama abin lallaɓawa. Wutar lantarki kuwa, ranar da aka kawo ta sai yara sun yi ihu.

A cikin wannan hali 'yan'uwan Sama'ilu suka shirya sayar da gonar da mahaifinsu ya bari a ƙauye, kowa ya karɓi rabonsa. A gonar nan Sama'ilu ya koyi riƙon fartanya. Ya roƙe su su jira shi, shi zai sayi rabonsu.

Babban yayansu Muntaka ya ce, "Mun ba ka zuwa ƙaramar sallah. In ta wuce, akwai mai saye daga Kano yana jira."

Sama'ilu ba shi da wata kadara sai gidan nan. Ya yanke shawarar sayar da shi, su koma tsoffin ɗakunan mahaifinsa kusa da gonar. Ya kira dillali Badaru, mutum mai baki kamar reza.

Badaru ko ɗaki bai leƙa ba. Ya zagaye gidan yana ƙirga taku, ya dawo ya faɗi farashin da ko rabin kuɗin gonar bai kai ba.

Ya ce, "Gidan ƙasa, fili kawai ake saya. Duk wanda ya saya rushewa zai yi."

Sama'ilu ya ce, "To sanyin ɗakunan fa? Da solar, da inuwar?"

Badaru ya tuntsire da dariya. "Sanyi? Da wane mudu zan auna shi? Shekara ashirin ina dillanci, ban taɓa jin an taya inuwa ba. Ji shawara. Cire solar ka kai kasuwar Ɗambatta, sare bishiyoyin ka sayar da itace. A yaɓe gaban gidan da siminti a shafa fenti, ni kuma in ce wa mai saye bulo ne."

Sama'ilu ya girgiza kai. "Ba zan sayi gonar Baba da kuɗin ƙarya ba."

Mutum uku Badaru ya kawo. Kowa ya tsaya a tsakar gida, ya taya kuɗin fili, Sama'ilu ya ce albarka. Azumi ya kai ashirin. Gaskiya hankalinsa ya tashi, ko kunun buɗa-baki ba ya iya shanyewa.

Larai ce ta gano bakin zaren.

Ta ce, "Malam, ka lura da lokacin da Badaru yake kawo mutane? Kullum da sanyin safiya ko da yamma lis."

Abin da ta hango gaskiya ne. Badaru ya saba sayar da gidajen bulo masu kwano babu silin, ya kuma san duk wanda ya shiga irinsu da tsakar rana ba ya dawowa. Shi ya sa ya saba nuna gida sai rana ta yi sanyi.

Larai ta ce, "Namu gidan kuwa da rana yake magana. Ka ce musu su zo da azahar."

Da Badaru ya ji sai ya ɓata rai. "A bazarar nan? Da bakin azumi?" Amma la'ada ta fi ƙarfinsa.

Bayan kwana biyu ya zo da wani malamin Islamiyya, Malam Ja'afaru, wanda yake neman gidan da zai zauna da mahaifiyarsa tsohuwa. Sun biya ta wani gidan bulo da Badaru yake tallatawa, sun iso jiƙe sharkaf da gumi, rana kamar za ta fasa kai.

Sama'ilu ya shimfiɗa musu tabarma a ɗakin yamma. Malam Ja'afaru ya zauna. Can ya miƙa hannu ya dafa bango, ya ɗaga kai ya kalli fanka tana juyawa.

Ya ce, "Unguwarmu kwana tara babu wuta. Wannan da me take aiki?"

"Da ranar nan da ta koro ku," in ji Sama'ilu. "Amma in gaya maka gaskiya, Malam, batirin ya fara tsufa, baɗi sai an sake shi. Bangon ma yana son yaɓe duk shekara biyu kafin damina."

Badaru ya harare shi. Ya jingina da bango ya fara, "Ka san dai gidan ƙasa, Malam..." Sai hamma ta katse shi.

Sama'ilu ya yi sallama cikin gida, ya kai baƙon ya ga rijiya tana cika randuna babu guga. Ya nuna masa murhun Larai da ɗan tsibin itacen da yake kai su sati guda. Malam Ja'afaru ya tambayi abin da janareto yake ci a gida irin wannan. Sama'ilu ya ce shi kam bai taɓa mallakarsa ba.

Da suka dawo ɗaki suka tarar da Badaru ya miƙe a tabarma, hula ta zame gefe, yana sharar barci har da minshari.

Malam Ja'afaru bai yi dariya ba. Ya daɗe yana kallonsa, idonsa ya kawo ruwa.

Ya ce, "Wata biyu ke nan Innata ba ta samu irin wannan barcin ba. Ɗakin hayarmu kamar tanda yake. Kwana take tana fifita."

Nan take ya taya. Sama'ilu ya ce albarka. Ya ƙara, Sama'ilu ya sallama. Kuɗin ya isa sayen gonar, har da rarar iri da taki.

Kiran sallar la'asar ne ya tashi Badaru. Ya zabura yana laluben hula, ya ce, "To, a fara ciniki!"

Suka ce ai an gama. Da ya ji farashin sai ya saki baki.

Sama'ilu ya yi murmushi ya ce, "Ka ce babu mudun auna sanyi, Badaru. Ai ga shi da kai muka auna."

Duk da haka ya ba shi la'adarsa cif, bai rage masa ko kwabo ba.

Ana saura kwana uku sallah Sama'ilu ya kai wa Muntaka kuɗin a gaban 'yan'uwa. Ranar da ruwan shuka ya sauka, shi yana saran rami a gonar mahaifinsa, Larai tana binsa tana zuba gero. A can Zakirai kuma, duk wanda ya je gaishe da Innar Malam Ja'afaru da azahar, sai a ce masa ya dawo an jima, tana barci.

Darasi: Gyaran da ya rage maka zafi da sayen mai da itace dukiya ne, kada ka bari mai kallon fenti ya ce maka ba shi da daraja. Ka faɗi aibin kayanka, ka nuna alherinsa a lokacin da za a gan shi, ka bar wa Allah sauran. Tura wa duk wanda ka san yana gini ko yana shirin sayar da gida, wataƙila shi ma da azahar ya kamata a zo masa.