Jarka Biyu a Bayan Ƙofa

Akwai wani manomi mai shanun huɗa guda biyu. Da su yake nome gonarsa, ba shi da wata dukiya bayansu.

Da damina ta kusa, ya sayo maganin kashe ciyawa da maganin tsutsar ciki na shanu. Ya juye su cikin tsofaffin jarkokin man gyaɗa guda biyu, iri ɗaya sak, ya ajiye a ɗakin kayan aiki, ɗaya a kowane gefen ƙofa.

Matarsa ta kawo masa gawayi, ta ce, "Maigida, ka rubuta a jikin mai gubar, ko alama ce ka yi."

Ya yi dariya. "Ni na zuba da hannuna. Na dama na shanu ne, na hagu na ciyawa. Ni yaro ne da zan manta?"

Kuma gaskiyarsa, bai manta ba.

Ana nan sai zazzaɓi ya kwantar da shi, shanu kuwa suna ta ramewa. Ya kira ƙanensa, ya ce, "Ka ɗura musu maganin da ke hannun dama."

Ƙanen ya shiga ɗakin, ya wuce ciki ya ɗauko kwalbar ɗuri, sa'an nan ya juyo yana fuskantar ƙofa. Ya miƙa hannun dama, ya ɗauki jarka. Daman mai shiga kuwa hagun mai fita ce.

Kafin kwana biyu shanun suka mutu. Ƙanen ya durƙusa yana kuka, "Yaya, abin da ka ce shi na yi!" Ruwa ya sauka a shekarar, maƙwabta suka yi huɗa, garmarsa tana jingine tana tsatsa. Har yau in na tuna da mutumin nan, tausayi yake kama ni.

Ma'anar misalin ke nan, 'yan'uwa. Jarkar gubar ita ce zunubin da muka ƙi kira da sunansa. Hassada mu ce mata kishin gaskiya, fushi mu ce halinmu ne. Muna cewa, "Ai na san kaina." To, ka sani, amma matarka fa? 'Ya'yanka da suke kwaikwayonka fa? Su za su ɗauka su sha, domin sun amince da kai.

Ka furta zunubin a gaban Ubangiji tun yau, ka ce masa guba. A wurin aikinka ma, kada ka bar jarka ba suna. Gawayin yana hannun matar tun ranar farko, manomin ne bai karɓa ba.