Rubutun Da Rediyo Ya Kasa Gogewa

Akwai wani mai aski da 'yan layinsu suka laƙaba wa Rediyo, don bakinsa ba ya hutawa. Hannu na kan injin aski, harshe na kan mutanen unguwa. A yi dariya, a share gashi, maganar ta bi iska.

Shagon da ke manne da nasa na Mai Kemis ne, abokinsa tun suna samari. Wata rana suka yi cacar baki a kan hayaƙin janareta da ke shigowa shagon aski. Rediyo ya cika ya yi fam, ga shi babu kowa a kujera da zai amayar wa. Sai ya ɗauki waya, ya shiga guruf ɗin masu shaguna ya rubuta: "Ku yi hattara da maƙwabcina Mai Kemis, maganin da ya lalace yake sake wa kwali yana sayarwa."

Ƙarya ce tsagwaronta, shi ma ya sani. A ganinsa irin surutunsa ne na kullum.

Da zuciya ta huce ya goge rubutun. Ina! Tuni an kwafe, an cire sunansa, an tura gaba. Cikin 'yan kwanaki ƙafa ta ɗauke daga kemis.

Hankalin Rediyo ya tashi. Ya zauna, ya miƙe, ya leƙa, kullum Mai Kemis na zaune shi kaɗai yana kaɗe ƙurar kanta. Garin leƙe har ya kwashe wa wani rabin gira. Da abin ya ishe shi, sai ya kira 'yarsa mai karatun lauya gefe ya faɗa mata.

Ta dafe kai. "Baba, ai doka ma ta raba magana da rubutu. Ɓata suna da baki Turawa na ce masa slander, na rubutu kuma libel. Na rubutun ya fi nauyi, don yana zama, yana kuma yawo."

"To ai na goge."

"A wayarka ka goge, Baba."

Jiki a sanyaye ya shiga kemis ya nemi gafara. Mai Kemis ya dube shi ya ce:

"Ba zan kai ka kotu ba, mun wuce nan. Amma ka dawo min da sunana. Da shi nake ciyar da iyalina."

Nan take Rediyo ya rubuta a guruf cewa ƙarya ya yi. Aka yi ta sa masa albarka, amma babu wanda ya tura wannan gaba. Wa zai yaɗa labarin da ba shi da daɗin ji?

Sai ya ce bari ya nuna a aikace. Da rana tsaka, a idon kowa, ya sayi maganin hawan jinin matarsa a wurin Mai Kemis, ya kai gida. Tana ganin ledar ta ja da baya.

"Maigida, mayar masa da kayansa. Ba ka ji abin da yake yi ba?" Ta miƙo masa waya. Rubutunsa ne, ƙanwarta ta turo mata daga wani gari.

"Ni na rubuta wannan," ya ce. "Wallahi ƙarya ce."

Ta yi tsaki. "Kai dai kana so ka rufa wa abokinka asiri. Da babu komai, ai ba za a rubuta ba."

Rediyo ya tsaya riƙe da leda a tsakar gida. Mai bakin da ba ya hutawa, ranar duk rantsuwarsa ba ta sa matar ta karɓi maganin ba. Kafin wata ya ƙare, Mai Kemis ya kwashe kayansa ya rufe shago.

Darasi: Abin da ka rubuta a kan mutum ya bar hannunka, ko ka goge, ko ka yi nadama. In ranka ya ɓaci, ajiye wayar har ka huce, kuma kada ka tura abin da ba ka tabbatar ba. Ku tura wa 'yan'uwa wannan labari, musamman masu saurin yatsa.