Ɓawon Duma Namu, Cikinsa Nasu

Dalilin da ya sa cikin duma yake da ɗacin da ko akuya ba ta iya haɗiye shi, alhali 'yar'uwarsa kabewa tana shiga miya lafiya lau, ku matso ku ji. A da can duma abinci ne. Ana yanka shi a dafa, cikinsa fari sol, zaƙinsa ya fi na dankali. Ɓawon kuwa juji ake kai shi, domin babu wanda ya san yana da amfani.

A wancan zamani akwai wani manomi ana ce masa Korau, da matarsa Tabawa, da 'yarsu guda ɗaya, Ladidi, yarinya mai surutu kamar kanari. Gonar Korau ita ce ta ƙarshe a garin, daga ita sai wani kufai da mutane suka tashi tun kakanni. Ba a noma kufan nan, ba a ɗebo itace a cikinsa. Manya sun ce mutanen ɓoye ne suka gaje shi.

Wata shekara ruwa ya ɗauke da wuri. Gero ya ƙone, duman kowa ya tsaya ƙarami kamar ƙwan zabo. Amma wani yaɗo daga gonar Korau ya bi ta ƙarƙashin shinge ya shiga kufai, ya yi ɗa a bakin wata matacciyar rijiya. Duman nan ya yi ta girma har sai da ya kai mutum biyu su kama.

Ran nan da rana tsaka Korau ya tsallaka shinge da wuƙarsa. Yana shiga ya ji iska ta tsaya, kukan tsuntsaye ya ɗauke. Sai ya ga wata tsohuwa zaune, ta jingina da duman. Rana tana dukanta sosai, amma da ya dubi ƙasa bai ga inuwarta ba.

Ya gaishe ta, ta amsa ba tare da ta ɗago ba. Sannan ta ce, "Ɗan nan, mayar da wuƙarka. Saiwa taka ce, amma ƙasar tamu ce. Jikokina sun ga ɗaki mai ɗumi, sun riga sun shiga."

Korau ya ce, "Iya, ni na shuka, ni na yi banruwa da tulu. Gidana kuma babu ko tsaba."

Ta ce ya ɗebi duk abin da ke bayan shinge, wannan ɗaya dai ya bar musu. Korau ya tuna yadda Ladidi ta kwana tana juyi da yunwa. Ya runtse ido ya yanke igiyar duman, da ya buɗe babu tsohuwa. Ya mirgina shi zuwa gida, yana jin nauyin yana komawa gefe zuwa gefe, kamar akwai masu gyara kwanciya a ciki.

Bai gaya wa Tabawa abin da ya gani ba. Ta yanka, ta dafa, ta zuba wa yarinya tukuna kamar yadda uwa take yi. Ladidi ta cinye tas. Kafin iyayen su sa hannu a nasu, sai ta ajiye akushi, ta naɗe ƙafa, ta yi shiru. Tabawa ta kira ta, ta girgiza ta. Can yarinya ta buɗe baki, muryoyi suka fito, ba ɗaya ba, ba biyu ba, 'yan ƙanana sirara, suna cewa, "Nan ma da ɗumi. Nan ma da ɗumi."

Nan Korau ya faɗi gaskiya. Tabawa ba ta yi kuka ba, ba ta zage shi ba. Ta goya yarinyar, duk da ta wuce goyo, ta ce masa ya shige gaba.

Suka tarar da tsohuwa a bakin rijiya, a daidai gurbin da duman ya kwanta. Tabawa ta durƙusa ta ce, "Iya, wanda ya yi laifi ga shi. Yarinya ba ta san komai ba."

Tsohuwa ta ce ita ma jikokinta ba su san komai ba aka ɗora ɗakinsu a kan wuta. Sun sami sabon masauki, ba za su fita su kwana a fili ba. Korau ya ce ya ba su duman gonarsa duka. Ta girgiza kai ta ce wanda ya tsallaka shinge sau ɗaya, ɗansa ma zai tsallaka. Abin da take so shi ne kowane duma da zai tsiro a bayan ƙasa, daga ranar har abada.

Korau ya san ba shi da ikon kyautar da abincin mutane. Ya dubi idon 'yarsa, ya ga wasu ne suke leƙensa ta ciki. Ya ce ya bayar.

Tabawa ta ce, "Iya, ko ɓawon ba za ku bar mana ba?"

Tsohuwa ta yi dariya ta ce, "Ku ɗauka. Mu ba ma kwana a jikin bango." Sai ta tofa yawu a gurbin duman, yawun kore shar. Ladidi ta yi atishawa, ta kira uwarta da muryarta ta da.

Kafin la'asar kuka ya tashi a gari. Duk wadda ta dafa duma ta ji shi kamar maɗaci, waɗanda suka daure suka haɗiye kuwa suka yi ta amai da zawo. Da aka ji abin da Korau ya yi, babu wanda ya ƙara ba shi hannu, har ya mutu a gefen gari yake zaune. Tabawa ce ta tattara duman da aka zubar, ta fafe su, ta jiƙa su a kududdufi har cikin ya ruɓe, ta kankare, ta shanya. Daga hannunta ƙwarya ta fito, da masaki, da ludayi, da gora. Matan da suka daina gaishe ta suka dawo neman aro.

Ladidi ta warke, ta yi aure, ta haihu, amma surutun nan bai dawo ba. Wani lokaci akan same ta a gona ta kara kunne a jikin ɗanyen duma tana murmushi. In an tambaye ta sai ta ce gaisawa suke yi.

Shi ya sa har yau cikin duma yake da ɗaci, kuma sabuwar ƙwarya sai an jiƙa ta an wanke kafin a sha fura da ita. In kun ga mai fafar duma ya ƙwanƙwasa shi ya saurara kafin ya sa wuƙa, zai ce muku yana duba ko ya ƙosa ne. Sallama yake yi.