Muryar Inna Safi da Sunan Aro

Hambali, ɗan Inna Safi mai tuyar masa a Malanville, yaro ne mai kai, amma yana raina sunansa. A ɗakinsa ya ƙera wata manhaja da ke duba hawan kogi, in ruwa ya taso sai ta kira wayar salular manoman shinkafa na ƙauyen Garou. Muryar uwarsa ya ɗauka ya sa a ciki, tana cewa da Dandanci, harshen yankin, "Ruwa na tahe, ku kwashe shinkafa."

Da zai rubuta takardar bayanin yadda ake aiki da ita, bai sa sunansa ba. Sai ya ɗauko Hidrola, sunan manhajar wani babban kamfani na ƙetare, har da ƙaramin R ɗin nan cikin da'ira, ya manna a kowane shafi.

Inna Safi ba ta yi nisa a karatun lakkwal ba, amma da ta ga takardar ta gane ba sunan ɗanta ba ne. Ta ce, "Ɗan nan, wanga suna na wa ne?"

Ya yi dariya. "Inna, wa za shi yarda da abin da Hambali ya yi?"

Damina ta yi ƙarfi. Wata safiya saluloli suka ɗauki kuka a Garou, mutane suka kwashe shinkafa, kafin la'asar ruwa ya shafe fadama. Inna Safi ta tsaya bakin kogi tana mamakin yadda muryarta ta riga ruwa isa gari.

Labari ya kai Cotonou. Manyan gwamnati suka zo neman mai abin don su ba shi aikin kwarin kogi baki ɗaya. Suka karanta takardar, suka ga Hidrola, suka nemi kamfanin. Kamfanin ya karɓi aikin, ya kuma hana Hambali sake taɓa sunan Hidrola. Aka goge manhajarsa daga salulolin mutane.

A kasuwa Inna Safi ta ji mata na yabon manhajar da ta ceci shinkafa, ta ce a hankali, "Ɗana ne ya yi shi."

Zalika mai albasa ta dafa kafaɗarta. "Haba yaya, aikin Turawa ne. Amma sun iya, muryar har ta so ta yi kama da taki."

Darasi a nan, 'ya'yana masu aikin na'ura: in kun rubuta bayani, ku kira kayan wani da sunan mai shi, naku kuma ku sa masa naku suna, komai ƙanƙantarsa. Wanda ya ɗora sunan wani a kan guminsa, ranar yabo ba shi za a nema ba.