Ranar da Malam Ya Tsayar da Yaya a Waje

Yabo ya tabbata ga Ubangiji Maɗaukaki, wanda yakan ɓoye salihan bayinsa a cikin jama'a har a riƙa gogar kafaɗarsu a kasuwa ba a san darajarsu ba. Daga cikinsu akwai Malaminmu, masani mai zurfin karatu, ma'abocin tawali'u da haƙuri, mai yawan azumi da addu'a, Allah ya haskaka makwancinsa. Ya san Maganar Allah ciki da bai, har manyan masu wa'azi sukan zo su durƙusa su yi masa tambaya, amma bai zaɓi mumbari ba, sai wani ɗaki a bayan majami'a mai tsofaffin bencina da tagar da ba ta rufuwa, inda yakan tara samari da 'yan mata bayan sujadar Lahadi. Zaman da ya yi da mu kaɗai ma karama ce, domin mu da muka zauna a gabansa, gaskiya, ba kunya ce ta yi mana yawa ba.

A cikin ajin akwai 'yar wani mai wanki da guga, wadda kowa ke kira Yaya, har mahaifinta, domin tun rasuwar uwarsu ita ce gidan. Ita ke hura gawayin dutsen guga, ita ke matse wanki, ita ke ɗora tukunya. Ƙaninta guda ne, Auta, ɗan lelen uban, wanda wata rana ya hau keken da ake kai wa mutane kaya da shi, ya sayar, ya bi abokai, ba a ƙara jin ɗuriyarsa ba. Daga ranar Yaya ta koma ɗaukar ƙunshin kaya a ka, layi-layi, gida-gida. Uban bai taɓa zancen keken ba. Da yamma sai ya ja kujera bakin shago ya zuba wa hanya ido, in ta miƙa masa abinci ya karɓa bai ɗago ba, ya ce, "Kin rage wa Auta?" Ba ta da ƙawa, don ba ta da lokacin ƙawa. Abin yana cin ranta ƙwarai, kuma babu wanda za ta gaya wa.

To, akwai abin da ba wanda ya sani. Cikin wani mako ta kai guga wani gida a bayan tashar mota, sai ga Auta tsugune yana wanke tayar wata babbar mota, ya rame ya yi duhu, ƙafa ba takalmi. Ya miƙe yana goge hannu a wando, ya ce, "Yaya, in na dawo Baba zai karɓe ni kuwa?" Ta dube shi, wuyanta na zogi saboda nauyin kaya, sai bakinta ya riga hankalinta.

"Baba ya ce shi ba shi da ɗa. Kada ka kuskura ka tako masa shago."

Yaron bai yi musu ba. Ya ce to, dama direban ya ce zai tafi da shi ranar Lahadi da hantsi zuwa wata ƙasa mai nisa ya zama yaron motarsa, shi ke nan kowa ya huta. Ta juya ta tafi, kuma tun daga ranar abinci ya daina wuce mata.

Al'adar Malam ce, Allah ya ƙara masa rahama, idan ya zo kan misalin da Almasihu ya bayar na uba mai 'ya'ya biyu, ba ya tsayawa ga karatu. Yakan faɗi labarin a taƙaice, yadda ƙaramin ya karɓi rabonsa ya je ya lalatar, yunwa ta koro shi, uban ya sheƙo ya rungume shi aka yanka maraƙi, babban kuma ya dawo daga gona ya ji kiɗa ya ƙi shiga. Sa'an nan ya raba wa yara su kwaikwaya. Kowa ƙaramin yake so, don shi ke rawa. Wani ƙato a cikinmu ma ya ce shi dai a ba shi maraƙin, ya samu ya kwanta. Babban wa ne ba mai so, domin aikinsa ɗaya ne: a fitar da shi, a turo ƙofa, ya tsaya a waje har sai uban wasan ya fito lallashi.

Ranar Lahadin nan Malam ya bi fuskokinmu a hankali, ya ce, "Yaya, ke ce babban."

Aka fashe da dariya, wani ya ce, "Haba Malam, ai mace ce!"

Ya ce, "Na gani."

Ta fita, aka turo ƙofa. Rana ta take tsaka, masu sujada duk sun watse, babu kowa a harabar sai ita da igiyar shanya da ba komai a kanta. Daga ciki aka fara dukan benci ana tafi, ana ihu ɗa ya dawo, ɗa ya dawo. Ta dubi inuwarta a ƙarƙashin ƙafarta ta san hantsi ya wuce da nisa, motar ta yi gaba, kuma ita ta kore shi da bakinta. Duk da haka, da ta saurari kiɗan, ba nadama kaɗai ta ji ba, har da haushi. Kaɗaici ya rufe ta, ta jingina da bango tana kuka ba sauti.

Da ƙofa ta buɗe, ba yaron da aka naɗa uba ne ya fito ba. Malam ne da kansa, yana dogara sandarsa. Ya zo ya tsaya kusa da ita, sai ta amayar da abin da ke cikinta.

"Malam, ni fa? Ni da ban je ko'ina ba? Shi ya sayar da keke, ni na zama keken, amma shi ake jira. Sai na gudu ke nan a san ina gidan?"

Bawan Allah ya girgiza kai a hankali, ya ce, "Gaskiya kika faɗa, 'yata, an bar ki da kaya ke kaɗai. Amma saƙon da kika kai bayan tasha ba na Babanki ba ne."

Ta ɗago ta dube shi. Ta san babu mahaluƙin da ya ji maganar nan in ba ita da Auta ba. Da ƙyar ta ce, "Malam, ai sun tafi."

"Ba su tafi ba. Tun asuba na roƙi Ubangiji ya riƙe motar. Ba zan roƙa ta kwana ba, kuma ba zan tura ki ba." Ya juya ya koma aji.

Kada wani ya ce muku ta sheƙa da gudu nan take, ƙarya yake. Ta daɗe a tsaye tana kokawa da zuciyarta, sa'an nan ta gyara ɗankwali ta kama hanya, tana tafe tana tsayawa. Da ta isa bayan tasha ta tarar da motar a inda take, kanikawa sun kewaye ta, an sake batir, an busa bututun mai, an tura har an gaji, direba sai zage-zage yake yana cewa jiya-jiya aka duba masa inji. Auta yana can saman kaya, ya haɗa kai da gwiwa.

Ta ɗaga murya a gaban kowa ta ce, "Auta, sauko. Ƙarya na yi maka. Baba bai faɗa ba, ni na faɗa."

Ya daɗe yana kallonta, sa'an nan ya kama igiya ya sulalo. Tafin ƙafarsa na taɓa ƙasa, direban da ya murɗa mabuɗi don takaici kawai sai ya ji inji ya ɗauka da ruri. Kanikawa suka dubi juna, domin a lokacin babu hannun kowa a kai. Babban cikinsu har ya tsufa yana ba da labarin nan, yana cewa shi dai bai gyara komai ba.

Tun daga kan kwana uban ya hango su. Kujera ta kife, tsoho ya taho da gudu takalmi ɗaya a ƙafa, ya rungume yaron yana kuka, maƙwabta suka cika shago da barka. Yaya ta tsaya a tsallaken titi, kamar yadda ta san za a yi, ba wanda ya waiwayo. Sai da hayaniya ta lafa uban ya leƙo yana nemanta ta kawo wa baƙi ruwa, ya tsallako ya kama hannunta. Ta ce, "Baba, tsaya. Na gan shi tun tsakiyar mako, na ce masa ka ce ba ka da ɗa."

Tsohon ya sunkuyar da kai. Hannunta yana cikin nasa, sai ya juya shi ya duba, ya ga tabon ƙuna a kan tabo tun daga yatsu har wuyan hannu, wani ya warke, wani ɗanye. Ya daɗe yana kallo, muryarsa ta karye.

"Yaushe duk wannan ya same ki, ina zaune? Ki yafe mini, 'yata."

Da aka kai wa Malam labari, cewa kawai ya yi mota takan lalace ta kuma gyaru, ya sa mu jera bencina. Haka yake, mai gudun yabo, mai rufa asirin bayin Allah, wanda ya ga yarinyar da mu duka muka zauna da ita ba mu gani ba. Ubangiji ya ɗaukaka darajarsa, ya sa albarkar addu'arsa ta bi mu da zuriyarmu, ya dawo mana da waɗanda suka ɓata, ya kuma buɗe idanunmu a kan waɗanda suke zaune a gida. Amin.