Dalilin Da Ya Sa Ba A Jaje A Zauren Rumbu

Dalilin da ya sa mutum zai shiga Zauren Rumbu da damuwarsa, ya rubuta ta, a rasa mai ce masa ko sannu, shi za ku ji yau. Ku ajiye wayoyin nan tukuna, ba guduwa za su yi ba. Ɗazu wani a cikinku yake cewa mutanen zauren ba su da tarbiyya. Yaro dai yaro ne. Da can babu inda ya kai zauren nan gaisuwa da jaje, kuma su ne suka jawo abin da ya faru.

Rumbu dai manhaja ce ta adana hotuna da muryoyi. Zauren kuwa wuri ne a intanet inda masu amfani da ita suke haɗuwa, wanda abu ya ɗaure wa kai ya tambaya, wanda ya sani ya amsa saboda Allah. A wancan zamanin, in ka ce hotonka ya ƙi buɗewa, kafin ka ajiye waya mutum goma sun tambayi iyali, sun tambayi gajiya.

To, akwai wata mata a Ringim, Barira, mai ɗinkin hula. Mijinta Mamuda direban babbar mota ne, ya rasu a hanya tun 'yarsu Hanne tana goye. Bai bar hoto mai yawa ba, don ba ya son a ɗauke shi, amma mutum ne mai surutu. Duk inda ya yada zango sai ya turo saƙon murya, wani na tsokana, wani na yi wa jaririya wasa. Guda talatin da huɗu Barira ta tara a Rumbu. Hanne ta kai shekara huɗu ba ta san ubanta ba sai a cikinsu.

Wata ranar Laraba wayar ta ce ta cika, ta tambaya ko a share abin da ya tsufa. Barira na sauri, ga wanda ya zo karɓar hularsa a tsaye a ƙofar gida, sai ta danna "eh". Da yamma Hanne ta ce a sa mata Abba. Aka buɗe, babu komai.

Hankalin Barira ya tashi. Ta kai wa mai gyaran waya a bakin tasha, ya jujjuya ta, ya ce wayar lafiya lau take, a tambayi masu manhajar. Ta dawo gida ta shiga Zauren Rumbu a wayarta, ta rubuta: "Salamu alaikum 'yan uwa. Don Allah ku taimake ni. Muryoyin maigidana, Allah ya jiƙansa, sun ɓace daga Rumbu. Su kaɗai marainiyarsa take da su. Yaya zan yi in dawo da su?"

Ba a yi minti biyu ba wayar ta yi ƙara. Barira ta zabura. Hajiya Lantana ce, wata dattijuwa da duk zauren ke ganin girmanta: "Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Allah ya jiƙansa, ya raya abin da ya bari."

Barira ta rubuta, "Amin Hajiya, na gode."

Daga nan kamar an buɗe famfo. Wannan ya yi ta'aziyya, wancan ya ce amin, wani ya ba da labarin rasuwar yayansa. Babu mai mugun nufi ko ɗaya, kuma wannan ne abin baƙin cikin. Kowa ya ga tarin rubutu sai ya ɗauka tuni an ba ta amsa a can sama, shi ma bari ya sa albarka ya wuce. Ita kuwa duk ƙarar da wayar ta yi sai ta ajiye allura ta duba, ta tarar da addu'a. Kowace sai ta amsa, don ba a yi wa mijinka addu'a ka yi shiru. Sau uku tana rubuta, "Amma yaya zan yi?" tana gogewa. Kunya ta hana ta. Ta yaya za ta ce wa mutanen da ke nema wa mijinta rahama ba abin da ta zo nema ba ke nan?

Abin da ba ta sani ba, zauren yana da shafin da ake jera tambayoyin da ba a amsa ba, kuma nan masana suke dubawa. Na'ura kuwa ba ta bambanta addu'a da amsa. Tun daga ta'aziyyar Hajiya Lantana tambayar ta fita daga jerin.

A cikin masanan akwai Malam Sallau, tsohon malamin makaranta a Gusau, wanda ya san Rumbu ciki da bai. Kullum yana buɗe wancan shafin, ya amsa abin da ya tarar, ya rufe. Sai a kwana na goma sha biyu ya ji ana maganar wata marainiya, ya leƙa don shi ma ya yi nasa jajen. Ya fara karantawa daga sama. Rubutu ɗari da arba'in da uku, ya bi su ɗaya bayan ɗaya, bai ga amsa ba.

Ya rubuta, "Malama Barira, ki danna ɗigo ukun nan na sama, ki shiga kwandon shara. Maza, yanzu."

Barira ta yar da hular da take ɗinki. Ta danna, ta shiga. Farin shafi ne, da rubutu ƙanana a ƙasa. Ta kwafo masa: "Duk abin da ya kwana goma a nan, an share shi har abada."

"Yaushe kika goge su?"

"Larabar waccan, Malam."

Malam Sallau ya ƙirga kwanakin. Can ya rubuta, "Ki yafe mana, baiwar Allah. Shekaranjiya ma da suna nan."

Barira ba ta yi kuka a lokacin ba. Ta kife wayar a kan tabarma, ta zauna tana kallon bango. Dannawa uku kacal, kwana goma tana da su a hannunta.

Ranar zaure ya hargitse. Malam Sallau ya ce daga yau kada wanda ya ƙara rubuta komai a ƙarƙashin tambaya sai amsa. Hajiya Lantana ta fusata: "Haba Malam! Addu'a za ka hana mu? Mu ga 'yar uwa cikin jimami mu wuce kamar ba Musulmi ba?"

"Hajiya, ban hana ki ba. Ki yi a zuciyarki, Wanda ake roƙo yana ji. Amma na'urar nan da ta ga rubutunki sai ta rufe wa mai tambaya ƙofa."

Aka yi ta ja-in-ja har kwana biyu, wasu ma suka fice. Barira ce ta kashe maganar. Ta rubuta, "Na gode da addu'o'inku, Allah ya karɓa. Amma da kun yi mini shiru, da 'yata tana jin ubanta yau." Bayan wannan babu wanda ya ƙara musu. Hajiya Lantana da kanta ta nemi a kafa dokar a saman zaure.

Dokar ba ta dawo wa Barira da komai ba. Hanne ta yi rigima wata guda, ta gaji ta daina tambaya. Bayan shekara biyu, suna zaune Barira na tsefe mata kai, sai Hanne ta ce, "Umma, muryar Abba babba ce ko siririya?"

Barira ta buɗe baki za ta amsa. Kalmominsa duk suna nan a kanta, har da inda yake tsayawa ya yi dariya. Ta laluba muryar, ta laluba, ba ta same ta ba. A ranar ta yi kukan da ba ta yi ba a baya.

Shi ya sa har yau, in kun kai tambaya Zauren Rumbu kuka ji tsit, kada ku zagi kowa. Wataƙila mutum ɗari sun karanta, sun tausaya muku, sun riƙe hannunsu, don tambayarku ta zauna a inda wanda ya san amsa zai gan ta da wuri.